Idon Hukuma da Asirin Talaka a Bakin Iyakar Jibiya

Da wuya a samu wata hanya a ƙasar Katsina da ido ya yi wa yawa kamar wadda ta tashi daga birni ta nufi Magamar Jibiya, ta wuce Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Kwastan na nan, jami'an shige da fice na nan, ga soja, ga 'yan sanda, ga masu farautar ƙwaya, kowa da shingensa. A leƙa bayan mota, a soka buhu, a tambayi fasinja inda ya fito da inda za shi. Da a ce yawan kallo shi ke haifar da gaskiya da zaman lafiya, da Jibiya ta fi ko'ina kwanciyar hankali. Amma shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, fetur bai daina fita ba, kuma ƙaramar hukumar na cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi ɗaiɗaitawa a jihar. Abin da wannan ke nunawa, a ganina, shi ne sa idon da ba a iya tuhumar mai yinsa yana cinye gaskiyar da ya fito nema. Mutane kan faɗi gaskiya ne a inda suka tabbata ba za ta zame musu masifa ba, kuma wannan tabbacin shi ne abin da ya yi ƙaranci a bakin iyaka.

Masu goyon bayan a binciki kowa da komai suna da karin maganarsu a shirye: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In ba ka da laifi, me kake ɓoyewa? Maganar ba ta banza ba ce. Ɗan bindigar da ke cikin dajin da ya haɗe Jibiya da Zurmi da Batsari ba duba yake yi ba kafin ya san wane ne ya sayar da shanu jiya, ko wane gida ne aka kawo amarya. Wani ne a cikin gari ya buga masa waya. Gwamnonin Katsina, daga Aminu Bello Masari zuwa Dikko Umaru Raɗɗa, sun sha nanata cewa masu kai wa ɓarayin daji bayanai, waɗanda kowa ke kira infoma, sun fi ɓarayin wuyar sha'ani. Akwai masu kai musu fetur, da burodi, da katin waya, da magani. Duk wanda ya musanta haka bai san yankin ba. Don haka a yi bincike ba shi ne abin jayayya ba. Abin jayayya shi ne wa za a bincika, bisa wace hujja, kuma in mai binciken ya yi kuskure ko ya sayar da abin da ya gano, wa zai tsayar da shi.

Kafin a san shinge da na'ura, yankin na da hanyarsa ta sanin mai gaskiya. Layin da ya raba Jibiya da Maraɗi Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi, aka kafa alamominsa tsakanin 1906 da 1908, amma mutanen ɓangarorin biyu Katsinawa ne, kuma sarautar Maraɗi kanta ta zuriyar sarakunan Katsina ce da suka yi arewa bayan jihadi. Fataucin da ke tsakaninsu a kan amana ya ginu. Baƙo ya sauka gidan fatoma, dillali ya haɗa shi da mai saye, a ba da kaya bashi ba tare da takarda ba, domin akwai wanda ya tsaya masa. Abner Cohen ya nazarci wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, Emmanuel Grégoire kuma ya rubuta a kan Alhazan Maraɗi a 1986, dukansu sun ga abu ɗaya: jarin ɗan kasuwa na farko shi ne shaidar da mutane ke yi masa. Wannan ma sa ido ne, kuma mai tsanani, don wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa kasuwar gaba. Sai dai kallon na juna ne. Mai lura da kai shi ma kana lura da shi, ka san gidansu, ka san masallacin da yake salla. In ya tsaya wa maƙaryaci shi zai biya, in ya yi wa mai gaskiya ƙage mutuncinsa ne zai zube. Kowace shaida da aka bayar tana da mai ita, kuma tana da farashi a kansa.

Tsarin kuma ya san inda idonsa ke tsayawa. An yarda a san ko kana biyan bashi, ba a yarda a ƙirga maka abin da ke rumbunka ba. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Magidancin da ya wayi gari ba na cefane yakan saka rigarsa mai kyau ya fita, maƙwabcin da ya gane ya aika da hatsi ta hannun yara ba tare da ya ce uffan ba. Addini ya ƙarfafa wannan iyaka: Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini. Malaman fiƙihu ba su rufe ƙofar bincike gaba ɗaya ba. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya yi bayani a babin hisba cewa mai hukunci na iya kutsawa cikin abin da aka ɓoye idan amintaccen mutum ya ba shi labarin wata ɓarna da in an yi jinkiri ba za ta gyaru ba, kamar a ce wani ya keɓe da mutum zai kashe shi. A lura da sharuɗɗan: mai ba da labari amintacce, laifi takamaimai, mutum takamaimai, da haɗari na gaggawa. Babu inda aka ce a tuhumi gari guda saboda ana zaton akwai ɓarawo a cikinsa.

Abin da aka yi wa Jibiya tun daga 2019 kusan kishiyar wannan ne. A watan Agusta na shekarar gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wanda ke nufin garin Jibiya da kewayensa. Da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun a Disamban 2020, ba a haɗa da Jibiya ba, sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar da ya kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris ɗin 2024. Ana iya yin muhawara a kan ko manufar ta taimaki noman shinkafa a Kebbi ko Kano. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne abin da ta yi wa gaskiya a bakin iyaka. Garin da abincinsa ke kan shige da fice, aka wayi gari sana'ar kowa ta zama laifi: ɗan acaɓa, da mai lodi, da mai tura baro, da tsohuwar da ta je suna Madarumfa ta dawo da 'yar shinkafa a ƙulle. Ba su bar sana'ar ba, domin ba su da wata. Sun dai koyi bin ɓarauniyar hanya, da musun abin da ke cikin buhu, da sanin kuɗin kowane shinge. A Agustan 2021 wata motar kwastan ta kutsa cikin mutane a garin Jibiya ta hallaka da dama, gari ya hargitse. Mutumin da ya saba yi wa mai kaki ƙarya da safe a kan galan ɗin fetur, yana kuma kallonsa a matsayin wanda ke iya ƙwace masa jari, ba zai je gare shi da yamma ya ce ya ga baƙin fuska a bayan gari ba. Hukuma ta kama buhuna, ta rasa masu gaya mata abin da ya fi buhu muhimmanci.

Akwai kuma abin da masu cewa mai gaskiya ba ya ɓuya suke mantawa: a Jibiya ba hukuma kaɗai ke sa ido ba. Ɗan bindiga ma yana yi, kuma sau da yawa ya fi ta sanin abin da ke gudana. A ƙauyen da ake satar mutane don kuɗin fansa, ɓoye abin hannu dabarar tsira ce. Manomi ya sayar da amfaninsa a ɓoye, ɗan ci-rani ya dawo da dare bai sanar ba, a ɗaura aure ba taro, mai hali ya ƙi gyara katangar gidansa kada a ce ya samu. Waɗannan mutane ba su da kaza a aljihu, ransu suke karewa. Mafi haɗari shi ne asirin wanda ya taimaki hukuma. Idan mutum ya gaya wa jami'i inda aka ajiye shanun sata, rayuwarsa ta rataya a kan ko jami'in zai iya riƙe bakinsa, da kuma ko zai ci gaba da zama a wurin. A Maris ɗin 2022, da aka janye sojojin da ke Shimfiɗa, mutanen garin suka kwashe iyalansu suka yi gudun hijira zuwa cikin Jibiya. Sun san soja kan zo ya tafi, ɗan bindiga kuwa yana nan, kuma bai manta wanda aka gani yana hira da soja ba. Duk tsarin tattara bayanan da bai fara da kare mai ba da bayani ba, mutanen kirki yake sa wa cikin haɗari.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Masari ta fito da dokar taƙaita zirga-zirga: aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Baure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da mai a jarka. A Satumba aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya, bayan an yi haka a Zamfara, aka kuma shafe watanni a haka. Manufar ita ce a raba infoma da ubangidansa. Sai dai wayar da infoma ke kira da ita, da irinta mai gari ke kiran ɗauki, da ita ɗan kasuwa ke karɓar kuɗi a POS, da ita ake neman mota in mace na naƙuda. Rahotanni daga garuruwan iyaka sun nuna ɓarayin sun koma amfani da layukan Nijar da wayoyin oba-oba. Matakin ikirari ne cewa hukuma ba ta iya bambance mutum ɗaya mai laifi daga dubu marasa laifi, alhali tana da abin bambancewar a hannunta. Tun Disamban 2020 ma'aikatar sadarwa, ƙarƙashin Isa Ali Pantami, ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira a Afrilun 2022. Talakan ƙauye ya bar gonarsa ya bi layi, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa goma, bisa alƙawarin cewa daga nan ba mai sake neman fansa ta waya a kasa gano shi. Ana nan ana neman fansa ta waya. A Janairun 2024 Pantami da kansa ya ɗora laifin a kan hukumomin tsaro da ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. A watan Yunin shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardun NIN na ministan sadarwa Bosun Tijani da na shugaban hukumar kare bayanai Vincent Olatunji a wani shafin intanet, kowace a kan naira 100. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta ina bayanan suka fita, in na minista bai tsira ba, na mai sayar da rake a Magama ba a maganarsa.

A takarda, doka ba ta bar mutum a tsirara ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita wannan don tsaro, muddin dokar da ta taƙaita ta dace da mulkin dimokuraɗiyya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa kamfanonin waya su adana bayanan kira na shekara biyu. Ƙa'idojin hukumar sadarwa ta NCC na 2019 sun ce sai da izinin alƙali za a saurari waya, ban da lokacin gaggawa. Dokar kare bayanai da Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukuma ta musamman, amma ta sassauta wa jami'an tsaro da masu binciken laifi da yawa daga cikin sharuɗɗanta. Raunin yana wajen duba baya: ɗan ƙasa ba shi da hanya mai sauƙi ta sanin sau nawa aka nemi bayanan mutane, a kan wa, da abin da ya biyo baya. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta nuna yadda 'yan sandan Najeriya suka bi bayanan kira suka kamo 'yan jarida ta hanyar fara tsare 'yan uwa da abokan hulɗarsu. Na'urar da ke iya gano mai rubutu a cikin birni, abin mamaki ne a ce ta gaza a kan mai neman miliyoyi daga daji.

Inda abin ya fi ciwo shi ne mutunci. A yau babu kalmar da ta kai infoma saurin kashe mutum a ƙauyukan yankin, kuma ba ta buƙatar hujja. Ta ishi wanda kuke rigimar gona da shi, ko wanda kuka nemi aure tare. Ta fi saurin kama Bafulatanin da ya shigo kasuwa, da matar da aka sako daga daji ba a ji an biya kuɗi da yawa ba, da mai shagon da aka tilasta wa sayar da kaya da bindiga a kansa. Ayyukan 'yan sa-kai a Katsina da Zamfara, inda aka riƙa kashe mutane bisa zato, suna cikin abubuwan da suka mai da satar shanu ta koma gaba ta ƙabilanci da ramuwa. Yanzu kuma waya ta ƙara wa zargi fiffike: a ɗaure mutum, a ɗauki bidiyonsa yana amsa laifi da kumburarriyar fuska, kafin la'asar ya zaga Facebook da WhatsApp har Maraɗi. In kotu ta sake shi bayan shekara, ba mai ɗaukar bidiyon hakan, kuma 'ya'yansa mata sun riga sun rasa manema. Tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ta ɗauki 'yan gari ne saboda sun san kowa, wannan kuwa shi ne ƙarfinta kuma shi ne haɗarinta, domin wanda ya san kowa yana da tsohuwar jiƙaƙƙa da wani. Darajar irin wannan runduna tana ga ko ana rubuta wanda ya kawo zargi, ko ana miƙa wanda aka kama ga kotu, da ko an taɓa hukunta mai ƙage.

Za a ce wannan duk maganar ƙoshi ce ta 'yan birni, wanda aka ɗauke wa mata da 'ya'ya zai yarda a saurari wayarsa dare da rana in dai za a dawo masa da su. Gaskiya ne zai yarda, kuma ya riga ya yarda: ya ba da yatsunsa, ya haƙura da sabis, ya sayi fetur da tsada, ya buɗe buhunsa a kowane shinge. Ba a kansa cinikin ya lalace ba. Ya biya, ba a ba shi kayan ba. Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, wato rufin asirin da ake yabo shi ne bargon da manyan 'yan sumoga suka daɗe suna lulluɓa da shi, kuma tsohon tsarin amana bai taɓa damuwa da ko kayan da ake fataucin halal ne a idon doka ba. Dillali na iya zama mai cika alƙawari ga abokin cinikinsa alhali harsasai yake shigowa da su. Wannan haka yake, shi ya sa ba wanda ke cewa a mai da tsaron iyakar kilomita kusan 1,500 hannun fatoma. Amma sukar tana nuna inda ya kamata ido ya fi karkata. Tirela ba ta bin hanyar jaki, kuma ba ta wuce shinge goma da addu'a. Asirin da ya cancanci a tona shi ne na mai riƙe da amanar jama'a: abin da ake karɓa a shinge, inda kayan da aka kama suke ƙarewa, dukiyar da jami'i ya tara a shekara uku a bakin iyaka. A nan ne kuwa aka fi tsare sirri. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, amma hukumar ɗa'ar ma'aikata ta sha ƙin fitar da takardun kadarorin manyan jami'ai ga masu nema.

A farkon 2025 shugabannin al'umma a Jibiya suka zauna da jagororin 'yan bindiga aka yi sulhu, wasu ƙananan hukumomi suka biyo baya. Mutane sun rabu a kan dacewar haka, kuma masu cewa an saka wa mai laifi da alheri suna da hujja, ga tarihin sulhun 2016 da na 2019 da suka wargaje. Abin lura dai shi ne, bayan shekarun shinge da rajista da katse layi, abin da aka koma wa shi ne magana ido da ido da alƙawari a gaban shaidu, inda kowane ɓangare ya san wanda zai kama in an saɓa.

Sa idon zai ƙaru nan gaba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa, ta Jibiya zai ratsa, kuma tashar jirgi a bakin iyaka na nufin tikiti da suna da lamba da kyamara. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka 'yancin zirga-zirgar da yarjejeniyar 1979 ta bayar ya koma abin da gwamnatoci ke iya ci gaba da mutuntawa ko su janye. Mutumin da gonarsa ke Najeriya, surukansa ke Nijar, da layin waya biyu a aljihu, zai riƙa barin sawu a rumbunan ƙasashe biyu da ba sa cika yarda da juna. Kafin a kunna na'urorin, 'yan majalisar da ke wakiltar Jibiya da Kaita suna da abin da za su nema a rubuce: adadin shingayen da doka ta sani tsakanin Katsina da Magama, suna da lamba a ƙirjin duk wanda ya tsayar da mota, rasit ga duk kayan da aka karɓe, rahoton shekara-shekara na yawan layukan da aka saurara da yawan waɗanda suka kai ga shari'a, da ofishi a cikin garin Jibiya inda wanda aka saka sunansa cikin jerin infoma bisa kuskure zai je a goge shi.